TABAR HABANA: KUƊIN GANYE AKE BIYA KO KUƊIN SUNA?

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Dumi a cikin birnin Bauchi bayan sallar la'asar, ba zai rasa ganin mai tebur a gefen titi ba, ga goro an lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, ga alewa da ashana, ga kuma kwalayen sigari a jere. Ɗan acaɓa yakan tsaya ya sayi kara ɗaya, ya kunna, ya ƙara gaba. Wannan ita ce tabar da talaka ya sani, kuɗinta kuwa bai wuce canjin da ya rage a aljihu ba.

Amma akwai wata taba wadda ba a ganinta a kan teburin nan. Kaurinta ya kai babban yatsa, tsawonta yakan kusa taƙi guda, ba a naɗe ta da takarda sai da ganyen taba tsantsa, kuma tana da ɗan zobe na takarda mai ruwan zinariya a wuyanta. Turawa suna kiranta siga, amma fa ba sigar shayi ba. Wadda ta fi suna ita ce ta ƙasar Kyuba, watau tabar Habana. Samarin unguwa suna ganinta a wayoyinsu a bakin mawaƙa da 'yan ƙwallo da manyan attajirai, jefi-jefi kuma akwati guda yakan shigo gari cikin tsarabar wanda ya dawo daga Dubai ko Landan. Da zarar an faɗi kuɗinta a majalisa sai gardama ta kaure: wasu su ce ai araha ba ta ado, wasu su ce wannan ƙona dukiya ne kurum.

To, ga lissafin a taƙaice. Akwai wata iri da ake kira Cohiba Behike, wadda aka fara sayarwa a 2010. A manyan kantunan Turai kuɗin kara ɗaya, ba akwati ba, ya haura dala 200. A yawancin watannin 2025 dala tana wajen Naira 1,500, watau kara ɗaya ya tasam ma Naira 300,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024, Naira 70,000 ne. Ma'ana, masinja ko mai shara zai yi wata huɗu yana aiki bai ci bai sha ba, kuma duk da haka kuɗinsa ba su isa abin da wani zai ƙone cikin awa ɗaya da rabi ba.

Wahalar da ke cikinta

Adalci shi ne a fara da hujjar masu sayenta, domin ba su rasa abin faɗa ba. Aikin da ke cikin tabar nan mai yawa ne, kuma kusan duk da hannu ake yinsa.

Ganyen da ya fi daraja a wani yanki ake nomansa da ake kira Vuelta Abajo, a lardin Pinar del Río da ke yammacin Kyuba. Ana yafa iri a bedi wajen watan Satumba ko Oktoba, bayan kimanin kwana 45 a cire dashe a kai gona. Wanda za a yi rigar waje da shi, a ƙarƙashin rumfar farin yadi mai shara-shara ake renonsa, don kada rana ta sa shi ya yi kauri da jijiya. In lokacin girbi ya yi ba a sare shukar gaba ɗaya. Ganye biyu ko uku ake tsinka daga ƙasa, a ba da 'yan kwanaki, a sake dawowa, har a kai ƙoli. Daga nan sai a soke ganyen da zare a rataye shi a ɗakin shanya na katako, ya yi wajen kwana 50 yana bushewa a hankali har ya rikiɗe daga kore zuwa ƙasa-ƙasa.

Ba a nan aikin ya ƙare ba. Ana jibge ganyen tsibi-tsibi ya ɗau zafi da kansa, kamar yadda ake rufe kalwa in za a yi daddawa, don ɗaci da warin da ke cikinsa su fita. Sannan a ware shi bisa ga launi da girma, a zare jijiyar tsakiya, a ɗaure shi dami-dami a ajiye. Ganyen ƙasan shuka, wanda shi ke sa wuta ta ci, ba ya daɗewa a ajiya. Na tsakiya shi ke ba da ƙamshi. Na sama, mai ƙarfi, yakan yi shekara biyu ko fiye kafin a taɓa shi. Ita Behike har da wasu 'yan ganye biyu na can ƙoli ake sa mata, waɗanda ba kowace shuka ce take fitar da su ba, shi ya sa kamfanin yake cewa ba za a iya yin ta da yawa ba.

Mai naɗi kuwa, kuma a yau yawancinsu mata ne, yana zaune ne da allo da wata 'yar wuƙa mai lanƙwasa da ɗan ƙaro na itace mara wari. Zai haɗa ganyen ciki, ya ɗaure da ganye na biyu, ya matse a cikin ma'aunin katako, sa'an nan ya tufatar da shi da ganyen waje. In ya cika matsewa hayaƙi ba zai fito ba, in ya sassauta ta ci da sauri ta yi zafi. Gwani yakan naɗa tsakanin 60 zuwa 150 a yini, gwargwadon girmansu. Injin sigari kuwa dubbai yake fitarwa a minti guda.

Akwai wata al'ada mai ban sha'awa a masana'antun Habana tun 1865: ana ɗaukar mutum musamman ya zauna a kan dandamali yana karanta wa masu naɗi jarida da littattafan hikaya suna aiki. An ce daga nan ne wasu sunayen suka samo asali, kamar Montecristo, wadda aka fito da ita a 1935 da sunan wani littafin hikaya na Faransa.

Wani abin da mutane da yawa a ƙasar nan ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin ganyen waje mafi tsada a duniya a maƙwabta ake nomansa, a gabashin Kamaru wajen Batouri, da kuma Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Ƙananan manoma ne suke noma shi, a kwashe a kai ƙetare, a naɗa a Jamhuriyar Dominika, ya dawo Afirka a cikin akwatin katako da farashin da manomin ba zai taɓa iya biya ba.

Ma'aunin ɗan goro

Bahaushe ba baƙo ba ne ga abin marmari mai daraja hawa-hawa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da 'yan goro a Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ya san goro ba ɗaya ba ne. Akwai sabo, akwai daushe wanda ya kwana shekara ana renonsa. Akwai kuma ɗan Laɓoji na ƙasar Nufe, wanda tun zamanin da sarakuna ake aika wa da shi. Fatake sun yi ta takawa wata da watanni zuwa Gwanja saboda goro, kuma ba wanda ya ce sun yi hauka.

Ita kanta taba tana da irin wannan tarihin a ƙasar Hausa. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, da zai tashi daga Katsina zuwa Tambutu a 1853, ya sayi tabar Katsina cikin guzurinsa, saboda tana da daraja har a can. Tsofaffi sun san taba gari da ake haɗawa da kanwa, da lofe, da furen taba da mata ke goga wa haƙora tare da goro. Sigari na kwali daga baya ya zo, ya kuma bazu sosai a Arewa bayan Kamfanin Taba na Nijeriya ya buɗe masana'antarsa ta Zariya a 1959.

Amma ga inda ɗan goro ya fi mai sayen siga wayo. Shi ba ya sayen huhu don sunan da aka rubuta a jiki. Sai ya kwance, ya ɗaga ganyen fita, ya sa hannu ya zaro daga tsakiya, ya fasa, ya duba, ya ɗanɗana, kana a yi ciniki. In daushe ya fi sabo tsada, harshe ya san dalili. Tambayar da ta kamata a yi wa tabar Habana ke nan: in an cire mata zoben nan na zinariya, bakin mai sha zai iya gane ta dala 200 daga ta dala 12?

An gwada, kuma ana kan gwadawa. Akwai wata mujalla a Amurka mai suna Cigar Aficionado, wadda aka kafa a 1992, ba ta da aiki sai yabon siga. Masu ɗanɗana mata sukan sha ne bayan an cire zoben an maye gurbinsa da farar takarda mai lamba, don kada su san abin da ke bakinsu. A ƙarshen kowace shekara sai su fitar da gwarzuwa. A 2019 wata ce ta ƙasar Nikaragua ta ci, mai suna Aging Room Quattro. A 2020 kuma wata ta Jamhuriyar Dominika, mai suna E.P. Carrillo Pledge. Ko wacce daga cikinsu kuɗinta a lokacin bai kai dala 12 ba. Tabar Kyuba ma takan ci a wasu shekarun, kamar 2022, ba a hana ta haƙƙinta ba. Abin lura dai shi ne, a bakin gwanayen da suka fi kowa son abin, tazarar daɗi ba ta kai ko kusa da tazarar kuɗi ba.

Don haka maganar ta kasu biyu. Tsakanin sigar inji, wadda ake cusa wa ɓarɓashin ganye a rufe da takardar da aka yi da garin taba, da kuma ta naɗin hannu mai cikakken ganye, akwai bambanci na gaskiya, kuma ƙarin kuɗin yana da madafa. Amma daga dala goma sha wani abu zuwa ɗari biyu, ba ganye ne ya ƙaru sau ashirin ba, ba kuma ladan mai naɗi ba. A 2024 matsakaicin albashin ma'aikacin gwamnati a Kyuba, in an canza shi a kasuwar bayan fage, bai kai dala 20 a wata ba. Kara ɗaya na Behike ya fi albashinsa na wata goma. Ashe masinjan Bauchi da ma'aikacin Habana jirgi ɗaya ne ya kwaso su.

Yadda aka gina sunan

Sunan tabar Kyuba siyasa ce ta ƙara masa tsada. Bayan juyin juya halin Fidel Castro na 1959, gwamnati ta ƙwace masana'antun taba a 1960. Iyalan da suka mallake su suka tsere, wasu da irin taba a aljihu, suka kafa sababbin gonaki a Nikaragua da Honduras da Jamhuriyar Dominika. A watan Fabrairun 1962 Shugaba John Kennedy na Amurka ya sa wa Kyuba takunkumin ciniki. Kakakinsa, Pierre Salinger, ya ba da labari daga baya cewa sai da shugaban ya aike shi ya sayo masa kara 1,200 na tabar Habana, ya tabbata sun shiga hannu, sa'an nan ya ɗauki alƙalami ya sa hannu. Tun daga ranar ta zama haramtacciya a kasuwar da ta fi kowace girma, abin da aka hana kuwa shi rai ya fi so.

Ita Cohiba a 1966 aka fara yin ta, don Castro da manyan baƙinsa kaɗai. Shugabannin ƙasashe ake ba kyautarta. Sai a 1982 aka fitar da ita kasuwa, kuma wannan labarin na cewa tabar shugaba ce, shi ake sayarwa har yau. Saboda rikicin takunkumi ma, akwai Cohiba iri biyu a duniya: ta Kyuba, da wata da ake yi a Jamhuriyar Dominika don kasuwar Amurka, kamfaninsu daban, ganyensu daban. Haka Montecristo. Wanda ya sayi suna bai duba ba, bai ma san wacce ya saya ba.

Abin da ya faru a 2022 shi ya fi fito da maganar fili. A shekarar ne kamfanin Habanos, wanda ke da ikon sayar da tabar Kyuba a duniya tun 1994, ya ba da sanarwar cewa daga yanzu farashin Cohiba da Trinidad a ko'ina zai bi na Hong Kong, inda ya fi tsada. Cikin 'yan makonni kuɗin wasu ya ninka biyu, wasu uku. Akwatin da ke kan kanta jiya shi ne dai yau, ganye bai sake ba, mai naɗi bai sake ba. Abin da ya sake shi ne an gane attajiran ƙasar Sin za su biya. A watan Satumba na shekarar kuma guguwar Ian ta rushe dubban ɗakunan shanya a Pinar del Río, kaya suka ƙara ƙaranci. Duk da haka kuɗin shigar kamfanin hawa ya yi ta yi: dala miliyan 721 a 2023, dala miliyan 827 a 2024, ƙasar Sin ce kuma kan gaba wajen saye.

Masu kuɗin da ke saye ba wawaye ba ne. Sun san suna suke biya, sunan kuma suke so, kamar yadda wani kan sayi agogon miliyoyi alhali na Naira dubu biyar ma yana faɗin lokaci daidai. Sai dai agogo ana gadonsa, ana jinginar da shi ranar tsanani. Wannan kuwa toka ce ƙarshenta.

Hunturun Bauchi

Ko da an ɗauka cewa tabar ta cancanci kuɗinta a Habana ko Landan, akwai wata matsala ta musamman ga wanda ya kawo ta Ƙofar Dumi. Siga abu ne mai son laima. Masu yin ta sun ce a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, zafi kuma tsakanin digiri 16 zuwa 18. Don haka ake yi mata akwati na musamman da katako mai ƙamshi, da ɗan soso mai ruwa da ma'aunin danshi a ciki.

A Bauchi kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu takan sauko da danshi ƙasa da kashi 20 da rana. Iskar da ke fasa leɓe da diddige, ta tsage ƙofar katako, ba za ta ƙyale ganyen da bai kai kaurin takarda ba. Kwana kaɗan a waje rigar ta tsattsage, man da ke ba da ƙamshi ya tashi, in an kunna ta ci kamar karan dawa, ta bar ɗaci a maƙogwaro. Ana iya mayar mata da danshi a hankali, amma ƙamshin da ya tafi ya tafi. In bazara ta shigo a Maris da Afrilu, zafi ya doshi digiri 40, sai wata masifar: akwai wani ɗan ƙwaro da ƙwansa kan kwanta a cikin ganyen, zafi ne ke ƙyanƙyashe shi, ya huda akwati guda kamar yadda gunda ke cin wake. In damina ta yi nisa kuma, fumfuna.

Maganin duk wannan na'urar sanyaya ɗaki ce dare da rana. Wanda ya tuna watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu wutar lantarki, ya san sai an haɗa da kuɗin man janareta a cikin farashin. Ɗan goro ya san wannan wahalar sarai, domin shi ma kullum cikin yayyafa ruwa da sauya ganye yake. Bambancin shi ne ganyen fita da ruwan randa sun ishe shi.

Sa'an nan ga jabu. Babu tabar da aka fi yi wa jabu a duniya kamar Cohiba. A titunan Habana kanta ana tare baƙi da akwatuna a farashi mai rahusa, da labarin cewa wani ɗan'uwa ne ke aiki a masana'anta. In an tsaga irin waɗannan akan tarar da sharar ganye, wani lokaci har da ganyen ayaba. Alama ɗaya da masana suka yi ittifaƙi a kai ita ce, akwatin Cohiba mai murfin gilashi da ake yawo da shi a wuraren 'yan yawon buɗe ido jabu ne, kamfanin ba ya yin irinsa. Na gaskiya yana da hatimin gwamnatin Kyuba da lambar da ake iya bincikawa. Mutumin da bai taɓa ɗanɗana ta ainihi ba, aka kawo masa tsaraba ta hannu uku, da me zai gane? Zai dai yi ta tari yana yabawa, don kada a ce bai waye ba.

Jiki bai san farashi ba

Akwai wata magana da ke yawo cewa siga ba ta da illa kamar sigari, wai saboda ganye ne tsantsa, ba a kuma zuƙar hayaƙin zuwa huhu, a baki ake juya shi a fesar. Rabin gaskiya ce, rabin gaskiya kuwa ya fi ƙarya haɗari.

Karan sigari bai cika giram ɗaya na taba ba. Babbar siga takan ɗauki giram 5 zuwa 20, watau guda ɗaya tana iya kai kwalin sigari sukutum. Hayaƙinta kuma irin wanda sinadarin nikotin ke ratsa fatar baki ne kai tsaye, ba sai ya kai huhu ba, don haka kamuwa da jarabarta ba ta bukatar zuƙa. Cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka ta fitar da babban rahoto a 1998, inda ta nuna masu shan siga a kai a kai sun fi wanda ba ya shan taba haɗarin mutuwa da ciwon daji na baki da maƙogwaro da maƙoshi sau huɗu zuwa goma. A 2022 majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta sake duba masu tsadar musamman. Ta ce yawancin masu shansu jefi-jefi suke sha, wannan kuwa yana rage haɗari, amma gubar da ke cikin hayaƙin iri ɗaya ce da ta sauran. Tsada ba ta tace komai.

'Yan goro suna da kalmar da suke kiran cutar da ke cin goro daga ciki, waje lafiya lau, a fasa a tarar ya lalace: sankara. Da wannan kalmar ce Hausa take kiran ciwon daji. Ɗan goro in ya ga mai sankara sai ya tsince ya jefar don kada ya ɓata huhu. Wanda ta kama a harshe ko a maƙogwaro ba shi da wannan damar, sai zaryar asibitin koyarwa, in abin ya kai ga gashi da na'ura kuma a tura shi wani gari, da kuɗin da ya fi na akwatunan da ya sha.

Masu kare ta kullum sukan kawo Winston Churchill, Firayim Ministan Ingila, wanda siga ba ta rabuwa da bakinsa, ya kuma yi shekara 90 a duniya. Gaskiya ne. Amma ba sa kawo Ulysses Grant, tsohon shugaban Amurka, wanda ciwon daji na maƙogwaro ya kashe a 1885. Ba sa kuma kawo Sigmund Freud, shahararren likitan tunani, mai shan wajen ashirin a yini, wanda cutar ta kama a baki a 1923, aka yi masa fiɗa fiye da sau 30 kafin ya mutu a 1939. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara.

Ta fuskar addini kuwa, gardamar ta girmi kowa. Tun farkon ƙarni na 17, da taba ta iso Afirka ta Yamma, malamai suka rabu. Shaihu Ahmad Baba na Tambutu yana cikin waɗanda suka halatta ta a zamaninsa, wasu suka haramta. A lokacin ba a san abin da likitoci suka sani yau ba, kuma malamai da yawa na wannan zamani sun karkata ga haramci saboda cutarwa da almubazzaranci. Ɗariƙar Tijjaniyya, wadda ke da dubban mabiya a Bauchi, garin Shaihu Ɗahiru Usman, ta daɗe da hana 'ya'yanta taba kowace iri ce. Wannan yana rage wa siga wani abu daga cikin abin da ake sayenta dominsa. A Landan mai ita yakan zauna a kulob ya kunna a gan shi. A cikin ganuwar Bauchi, dattijon da ake girmamawa ba zai kunna ta a ƙofar gida ba, balle a gaban surukai. Wanda ya biya kuɗin a gan shi, sai ya koma ɗaki ya rufe ƙofa ya sha a ɓoye.

Doka ma ba ta ware ta ba. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015, ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, ta hana talla, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ba ta kuma ce ban da mai tsada ba. Ita ce dai dokar da ta hana sayar da sigari kara-kara, abin da ake yi a fili a kowane lungu na ƙasar nan.

A Habana kuwa, akan yi bikin taba, a rufe da gwanjon akwatunan ajiya na alfarma cike da siga. A bikin 2024 an sayar da akwati ɗaya na Cohiba a kan Yuro miliyan 4.5. Kuɗin gwanjon, kamar yadda aka saba, asusun kiwon lafiya na Kyuba ake zuba su. Shi kansa Castro, wanda aka ƙirƙiro Cohiba dominsa, ya daina sha tun 1985, lokacin da gwamnatinsa take yaƙi da shan taba a tsakanin mutanenta, amma ƙasarsa ba ta fasa sayar wa baƙi ba.